Ɗan Maƙeri Ya Shiga Birni

Shekara bakwai cif, ban da kwana tara, ma'abota wasannin kwamfuta suka yi suna sauraren fitowar kashi na biyu na wasan nan da ake kira Kingdom Come: Deliverance. Kashi na farko ya fito ran 13 ga watan Fabrairu 2018, na biyu kuwa sai ran 4 ga watan Fabrairu 2025. Tun daga wannan rana gardama ba ta yanke ba tsakanin 'yan'uwanmu ɗalibai, a ɗakunan kwana da gindin itatuwa da teburin mai shayi, a kan shin ƙanen ya fi wan, ko kuwa wan ne har yanzu ke riƙe da girmansa. Mun ga ya kamata mu ma mu tofa albarkacin bakinmu a wannan mujalla tamu, ko da yake mun san ba za a rasa masu cewa me ya haɗa ɗalibin ilmi da wasan yara ba. Amsarmu gare su gajeriya ce. Abin da mutum miliyan ɗaya suka saya cikin yini guda, kuma a cikinsa ne dubban samarin Turai za su fara cin karo da malami Musulmi daga Afirka ta Yamma, lalle ya wuce a kira shi wasan yara.

Hukuncinmu shi ne, na biyu ya fi na farko kyan gani da yalwa da daɗin bugawa, kuma duk wanda ya musa haka son zuciya ne ya ja shi. Amma na farko ya fi shi sanin talaka. Mu da muka fito daga ƙasar Ngaski da sauran garuruwan bakin Tafkin Kainji muna da dalili na musamman da ya sa wannan bambanci ya tsaya mana a rai, za mu kuwa zo kansa.

Kafin nan, ga waɗanda ba su taɓa riƙe abin bugawa ba, irin wannan wasa shi muke kira wasan shiga riga. Mai wasa yakan shiga rigar wani mutum na cikin labari, ya yi magana da bakinsa, ya zaɓar masa abin da zai yi, sa'an nan ya ɗauki sakamakon zaɓin nan, alheri ko sharri. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari sukan naɗa junansu gwamna da alƙali da likita da ɗan doka, su yi mulkinsu na 'yan kwanaki. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa. Abin da kwamfuta ta ƙara kawai shi ne ta gina garin, ta zuba mutanen, ta kuma riƙe lissafin duk abin da ka aikata ba ta mantuwa.

Labarin ya faru ne a ƙasar Bohemiya, watau Jamhuriyar Cek ta yau, cikin shekarar 1403. Sarkin ƙasar, Wenceslas na Huɗu, yana tsare a hannun ɗan'uwansa Sigismund, Sarkin Hungari, wanda ya shigo da rundunar sojan haya, cikinsu har da mahayan nan Kumanawa, yana wawashe ƙasa. A wannan shekara rundunar ta ƙone wani ɗan gari mai ramukan azurfa da ake kira Skalitz. Wannan duk tarihi ne na haƙiƙa, garin ma yana nan har yau. Abin da masu wasan suka ƙaga shi ne wani saurayi, Henry, ɗan maƙerin garin, wanda aka kashe iyayensa a kan idonsa, ya tsira da ƙyar a bayan doki, daga baya aka ƙwace masa takobin ƙarshe da mahaifinsa ya ƙera. Neman takobin nan da neman fansa su ne igiyar da ta ja labarin tun daga kashi na farko har cikin na biyu.

Abin da ya raba kashi na farko da sauran wasannin irinsa shi ne yadda ya wulaƙanta mai wasa da gangan. An saba a irin waɗannan wasanni a ba ka jarumi mai tsafi, ya kashe dodanni tun kafin ya karya kumallo. Nan kuwa babu dodo, babu tsafi, kuma Henry bai iya komai ba. In ya zare takobi, ɗan fashi guda mai sanda sai ya kwantar da shi. In ya ja baka, kibiya ta tafi inda ta ga dama. Yunwa tana kama shi, barci yana ɗaukarsa, abincin da ke jakarsa yana ruɓewa, in kuma ya je gaban mai sarauta da riga mai dauɗa da jini, kallon banza zai samu. Mafi daɗi a wurinmu shi ne bai iya karatu ba. In ka buɗe littafi sai ka ga baƙaƙe a hargitse ba su ba da ma'ana, har sai ka yi tattaki zuwa ƙauyen Uzhitz, ka biya wani magatakarda kuɗi, ya zaunar da kai kamar ɗan makarantar allo. Ranar da rubutu ya fara warwarewa a idon Henry, duk ɗalibin da ya zama na farko a gidansu da ya shiga aji ya san abin da ake nufi.

Ba mu manta da aibobinsa ba. Ya fito cike da tangarɗa: doki ya maƙale a jikin shinge, mutum ya tsaya a sarari ba ƙasa a ƙarƙashinsa, aiki ya ƙi ƙarewa don wanda za ka kai wa saƙo ya ɓace. Faɗa da mutum ɗaya yana da ma'ana, amma da zarar sun kai uku sai abin ya koma kokawar makafi. Sa'an nan ga dokar ajiye wasa, wadda ta sa mutane da yawa suka yi fushi suka bar shi: in ba barci Henry ya yi a gado ba, ba ka da ikon ajiye inda ka kai sai ya sha wata giya ta musamman mai tsada. Sai daga baya, da kuka ya yi yawa, aka ƙara hanyar ajiyewa in mutum zai fita. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wannan doka tsanani ce kawai. A wurinmu kuwa azaba ce, don sau da yawa aikin awa biyu yakan tafi tare da wutar.

Dalilin wannan rashin gogewa ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Warhorse Studios na birnin Firag, wanda Daniel Vávra da Martin Klíma suka kafa a 2011, ya fara ne da mutane ƙalilan, manyan 'yan kasuwar wasanni kuwa suka ƙi sa kuɗinsu, don a ganinsu ba mai sayen wasan da ba dodo. A 2014 sai kamfanin ya kai ƙoƙon bararsa ga jama'a ta dandalin Kickstarter, yana neman fam dubu 300, aka tara masa fiye da fam miliyan ɗaya. Da wasan ya fito ya sayu miliyoyi, sai waɗanda suka ƙi shi jiya suka zo da fara'a. Kashi na biyu ma'aikata wajen 250 suka yi shi, da kuɗi a hannu. Saboda haka in an ce ya fi gogewa, ai ba abin mamaki ba ne, mai abu ya yi abinsa.

Lalle kuwa ya yi. An rage kusurwoyin sara daga biyar zuwa huɗu, faɗa ya zama abin da hannu ke iya koyo ba tare da zagi ba. An kawo baka mai kunama, da kakannin bindigar toka waɗanda ɗurinsu ke cin lokaci har abokin gaba ya iso. An buɗe maƙera, inda mai wasa zai hura zugazugi da kansa, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya bi shi da masaba, in ya yi gaggawa ya ɓata aikin. Mutanen gari sun ƙara wayo. In an gan ka kana shawagi kusa da rumbun wani da dare, gari ya waye kaya sun ɓace, ba sai an kama ka da su a hannu ba za a zo nemanka. Wanda ya yi babban laifi ana yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, 'yan kasuwa su riƙa gudunsa. Ƙasar wasa ta zama biyu: karkarar da ke kewaye da ganuwar Trosky mai hasumiya biyu a kan duwatsu, da kuma birnin Kuttenberg, wanda mutanensa ke kira Kutná Hora, birnin azurfa inda ake buga kuɗin sarki. Shiga wannan birni a karo na farko, bayan an saba da ƙauyuka masu gida ashirin, yana kama da ranar da ɗan ƙauye ya fara sauka a Kano ya ga Kurmi.

Masu wasan sun san cewa in suka bar Henry da ƙarfin da ya tara a kashi na farko, armashin ya tafi. Don haka tun a farkon na biyu suka shirya masa faɗuwa. An aike shi tare da ubangidansa, saurayin basarake Hans Capon, su kai wasiƙa ga mai ganuwar Trosky. 'Yan fashi suka auka musu suna wanka a tafki, aka kashe 'yan rakiya, su biyu suka tsira ba sulke ba doki ba wasiƙa. Da suka isa ƙofar ganuwa cikin tsumma, masu gadi suka kore su kamar mabarata, kafin a jima kuma suka tsinci kansu a turu a tsakiyar kasuwa. Daga nan sai Henry ya nemi aiki wurin maƙeri ko wurin mai niƙa, don ya sami hanyar shiga wani biki inda yake fatan ganin mai ganuwar. Waɗannan awoyi na farko su ne mafi daɗi a wasan duka, kuma abin lura shi ne su ne suka fi kama da kashi na farko.

To, a nan ne muke da magana. Talaucin Henry na biyu talaucin aro ne. Mai wasa ya sani, Henry ma ya sani, cewa da zarar an gane ko shi wane ne za a buɗe masa ƙofa. Ya iya karatu, ya san yadda ake gaida manya, yana da iyayen gida. Mai karatun da bai gama kashi na farko ba ya yi mana haƙuri, amma tun can aka bayyana cewa maƙerin nan riƙonsa kawai ya yi, ainihin mahaifinsa shi ne Radzig Kobyla, basaraken Skalitz. Tun a lokacin wannan juyi bai yi mana daɗi ba, don tsohuwar dabarar masu tatsuniya ce: in ɗan talaka ya yi abin kirki, sai a bincika a ce ashe ɗan sarki ne. Kashi na biyu ya ɗora gininsa kacokan a kan wannan. Kafin a kai rabi, Henry yana zaune a majalisar manya, yana ƙulla makirci da Jan Žižka, wanda daga baya ya zama babban sarkin yaƙin ƙasar, yana shiga inda Sarki Sigismund yake. Labarin ya ƙara girma, amma ya tashi daga gindin murhu ya koma fada.

Abin da ya salwanta shi ne kufai. A kashi na farko Skalitz tana nan a kan taswira. Kana iya juya doki ka koma, ka ga gidajen da suka ƙone, ka tsaya a gindin itacen da aka binne iyayenka. Mutanen garin da suka tsira suna nan a bakin ganuwar Rattay cikin bukkoki, suna bara, 'yan gari suna ƙyamarsu, kuma ka san su ɗaya bayan ɗaya, don da su ka yi wasa a safiyar ranar da abin ya faru. Akwai aikin da za ka yi ta yawo kana nemar musu abin yi, wannan ɗiban ruwa, wancan kwasar bayan gida, guraben kuwa ba su isa kowa ba, sai ka zaɓa. Ba mu ga wani aiki a kashi na biyu, duk da yawansu da gwanintar rubutunsu, da ya kai wannan nauyi ba. A na biyu Skalitz ta koma mafarki da ambato. Gaskiya an yi mafarkan da kyau, musamman na ƙarshe inda iyayen Henry ke auna abin da ya aikata. Amma tuna gari daban, taka ƙasarsa daban.

Wannan shi ne dalilin da muka ambata tun farko. Mu jikokin mutanen da suka san bambancin tsohon gari da sabo ne. An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsibirin Foge da tsohon garin Bussa da gungu-gungu masu yawa na ƙasar Yauri. Mutane wajen dubu 44 aka tasa. Gwamnati ba ta watsar da su a daji ba, an gina musu sababbin garuruwa bisa zanen wani Bature magini, Robin Atkinson, da bulon siminti da rufi mai lanƙwasa. A kan takarda sabon gida ya fi tsoho ta kowace fuska: ba ya zuba da damina, gara ba ta cinsa, tituna a miƙe. Duk da haka dattawan Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a bakin ruwa, ba su daina kwatanta sabon wuri da tsibiran da suka bari ba, kuma da yawa sun gina ɗakunan ƙasa da na ciyawa a gefen na siminti. Ba wai ba su san siminti ya fi ƙarfi ba ne. Sun san inda kakanninsu ke kwance, sun san wace fadama ke ba da albasa a wane wata, mai zane kuwa ba shi da hanyar sa wannan a takarda.

Ba muna cewa wasan kwamfuta daidai yake da tashin gari ba, Allah Ya kiyaye mu da wannan rainin. Abin da muke cewa shi ne wanda ya tashi yana jin irin wannan hira daga Wara zuwa Libata zuwa Yelwa ya koyi wata tambaya da ba kowa ke yi ba in an nuna masa sabon abu mai ƙyalli: me aka bari a baya da aka zo gina wannan? Masu sharhi a jaridun Turai sun ƙirga abin da aka ƙara, sun kuwa ƙirga daidai. Mu abin da aka rage muka ƙirga. Henry na farko ɗan gudun hijira ne. Henry na biyu bafade ne da ya taɓa yin gudun hijira.

Sai maganar Musa, wadda ta fi kowace tayar da ƙura. Lokacin da kashi na farko ke hanya, an soki Vávra a kan cewa babu baƙar fata ko ɗaya a wasansa, shi kuwa ya kafe a kan cewa tarihi bai nuna akwai su a waɗannan ƙauyuka na Bohemiya ba. A kashi na biyu sai ga wani malami likita, Musa mutumin Mali, a sansanin Sarki Sigismund, an ce ya iso can ne bayan ya zauna a fadar Sultan Bayazid na Turkawa. Nan take waɗanda suka yi wa Vávra tafi jiya suka juya suna zaginsa, wai ya sayar da tarihi. Mu dai wannan kuka bai ba mu tausayi ba. Wasan da ya ɗauki Markvart von Aulitz, wanda ya mutu tun 1402, ya sa shi jagoran ƙone Skalitz a 1403, bai kamata a ce sai a kan baƙo ɗaya tak ne amincinsa ga tarihi zai karye ba. Kuma Mali ta wancan zamani ba baƙuwar tafiya ba ce. Mansa Musa ya ratsa Masar zuwa Makka a 1324, Wangarawa kuma sun iso Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Malamin da ya iya isa Alƙahira zai iya isa fadar Turkawa.

An kuma rubuta shi da mutunci. Mai ilmi ne, mai kaifin harshe, yana kallon ƙazantar sansanin da jahilcin sojan da idon wanda ya ga biranen da suka fi nan. Da wani jarumi da yake jinya ya mutu, shi aka fara tuhuma, don shi ne baƙo, sai Henry ya bi sawu ya nemo hujjar da za ta wanke shi. Mun ji daɗin ganinsa, ba za mu ɓoye ba. Amma kada murna ta rufe mana ido. Musa baƙo ne a labarin wasu. Ba ka shiga rigarsa, ba ka ganin garinsu, ba ka sanin wace ce uwarsa. Yana tsaye ne a gefen hanya don Henry ya nuna adalcinsa, ko rashinsa. Haka ya kamata, don labarin na mutanen Cek ne, da kuɗinsu da guminsu suka yi shi, ba su ci bashin kowa ba.

Mu juya hoton mu gani. A ƙasarmu ma an yi baƙo mai wucewa. Mungo Park ya biyo Kwara ta Yauri cikin jirgin ruwa, ya halaka a gurguzun duwatsun Bussa a 1806, wurin da yau yake ƙarƙashin tafki. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardunsa, suka yi makonni a hannun Sarki. A idon mutanen Yauri na lokacin, waɗannan su ne Musa: baƙi daga nesa masu baƙuwar al'ada, waɗanda aka yi maganarsu kwana biyu aka koma harkar gabanta. Amma a littattafan da muka karanta a sakandare su ne masu labarin, Sarkin Yauri da masunta da 'yan kwale-kwale kuwa su ne na gefen hanya. In wani kamfani na Turai ya tashi yin wasa a kan Kwara gobe, ba sai an yi duba ba, rigar Mungo Park za a ba mu mu shiga, kakanninmu kuma su zama masu jifa daga gaɓa.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne kayan aikin suna nan. A shekarar nan ta 1403 da Henry ke koyon riƙon takobi, Kananeji ne ke sarautar Kano, kuma Tarihin Kano ya ce shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ganuwar Birnin Yauri, tsohuwar hedkwatar masarauta, tana nan cikin ƙasar Ngaski, ciyawa na cinta. Ta ƙasar Yauri ayarin fatake ke bi su ƙetare Kwara zuwa Gwanja neman goro, da madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da aikinsa, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi, ga sarakunan da sai an ba su gaisuwa. Ga Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Sarkawa masunta, kowa da harshensa da sana'arsa. Jamhuriyar Cek mutanenta ba su kai miliyan goma sha ɗaya ba, ƙauyukan da aka gina kashi na farko a kansu kuma ba su fi Wara ba. Abin da suka yi shi ne suka ɗauki masaniyar tarihi aiki, suka auna coci da ganuwa da kwarin kogi, suka yarda cewa ƙauyensu ya isa a ba da labarinsa. A nahiyarmu ma an gwada: kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, duk da ɗaukewar wuta da ta yi ta dakatar da aikin, ko da yake nasu labarin ƙage ne, ba tarihi ba.

Ga ɗan'uwa da ke tambayar wanne zai saya da ɗan abin da ya rage na kuɗin makaranta, shawararmu ita ce ya fara da na farko. An gyara yawancin tangarɗarsa, yana tafiya a kan PlayStation 4 da tsofaffin kwamfutoci, farashinsa ya faɗi, har kyauta an taɓa raba shi a 2020. Na biyu sai PlayStation 5 ko sabuwar Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi, ya fito a kan dala 60 zuwa 70, saukar da shi kuma yana cin data da za ta ishi ɗalibi zangon karatu guda. Wanda zai kai shi gida hutu ya tanadi man janareto, ko da kuwa daga ƙofar gidansu ana hango ruwan da ke juya injinan megawat 760. A kuma sani dukansu biyu na manya ne, akwai giya da caca da gidajen wanka da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, na biyu ma ya fi sakin fuska a wannan fanni. Mafi yawansu mai wasa yana iya kauce musu, amma ba wasan da za a bar wa ƙanne ba ne.

Ga ƙungiyarmu kuwa muna da roƙo, kuma ba ya bukatar fam miliyan ɗaya. Wanda yake da shekara 15 lokacin da ruwa ya taso a 1968, yau ya haura 70. Su ne na ƙarshe da za su iya zana a ƙasa da yatsa su ce nan kasuwa take, nan maƙera, nan mashigin jirage, nan gidan Sarkin Ruwa. Muna da 'yan'uwa a sashen tarihi, da sashen nazarin ƙasa, da sashen harsuna, da sashen kwamfuta, kowa kuma da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan a ajandar taro mai zuwa: a hutun ƙarshen shekara, kowane ɗalibi daga Ngaski da Yauri da Shanga ya zauna da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya ɗauki muryarsu da harshensu, ya zana taswirar garin da suka baro, da sunayen unguwanni da na fadamu, a tara a miƙa wa ɗakin karatu na jami'a.